Fernand Kafinta da Kujerun Gaston

Fernand Vuillet yana da shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya kama hannunsa ya gangara da shi ƙasan gari, ya damƙa shi ga Baba Rosset don ya koyi aikin kafinta. A wannan makon ne aka kawo Gaston Prost shi ma. Sa'annin juna ne, amma halinsu ya sha bamban. Fernand siriri ne, mai tsare gida, kafin ka ga haƙorinsa sai an yi da gaske. Gaston kuwa ƙato ne tun yana yaro, kullum baki a washe. In ya ɓata katako, sai ya tsaya ya ba da labarin yadda ya ɓata shi, har Baba Rosset ya manta da faɗan da ya yi niyyar yi.

Shekara bakwai suka yi suna aiki a teburi ɗaya. Kowa a garinsu, Valcombe, ya san hannun Fernand ya fi. In ya haɗa katako biyu, ko da farce ka bi ba za ka gano mahaɗar ba. Amma da mai saye ya shigo shagon, wurin Gaston yake nufa. A yi ta hira ana dariya, a shafa kabad ɗin da Fernand ya yi kwana goma yana fama da shi, a ce, “Kai Gaston, hannunka akwai kyau!” Gaston yakan ce, “Ni? Ai ga mai aikin can yana harararmu.” Sai a ƙara fashewa da dariya, a ɗauka wasa yake. Fernand yana gefe yana goge katako, yana jin komai.

Da tsufa ya kama Baba Rosset, sai ya bar wa Gaston shagon. Ya kira Fernand gefe ya ce masa, “Kai ko a ina ka zauna aikinka zai ci da kai. Wancan kuwa in babu shago a bakin hanya, yunwa za ta kashe shi.” Yabo tsohon ya yi niyya. Fernand bai ji yabo ba, abin da ya ji kawai shi ne an ba Gaston shago.

Ya haura saman gari, ya gyara tsohuwar rumfar shanun mahaifinsa ya mai da ita wurin aiki. Ya auri Odile, 'yar wani mai yin cuku, mace mai magana ɗaya wadda ba ta iya kwana-kwana ba. Suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka girma suka tafi birni. Shi yana yin ƙofofi da kabad da bencin coci, in an yi mutuwa a yi masa magana ya haɗa akwatin gawa. Ita kuma tana sharar makarantar firamare, aikin da ta riƙe shekara ashirin da shida. Ba su yi arziki ba, ba su kuma taɓa rasa miyar dankali da burodi ba. Shagon Gaston kuwa ya yi ta faɗaɗa, har ya ɗauki ma'aikata huɗu, ya sayi wani inji mai yanka katako da kansa. Duk ranar da Fernand ya bi ta ƙofar shagon ya ji ƙarar injin nan, sai ya ce wa duk wanda ke kusa, “Ka ji? Wai kafinta ke nan.”

Fernand yana da shekara hamsin da uku aka sauya kujerun makaranta. Wata babbar mota ta zo ta sauke kwalaye, kowane kwali da kujera a wargaje a ciki, an yo su daga wata ƙasa ta can nesa, bayan teku. Ba a rufa shekara biyu ba suka fara karyewa. Aka kira Fernand ya duba ko za su gyaru. Ya ɗaga ɗaya, ya murza ƙafarta, ta rabu a hannunsa, garin katako da gam suka zubo. Ya tsaya a tagar ajin yana kallon dajin garin, wanda ya rufe dutsen tun daga gindi har sama. A daidai lokacin wata tirela ta gangaro da gumagumai, za ta kai su bakin ruwa a loda wa jirgi.

Ranar Litinin ta farkon wata, da majalisar gari ta zauna, sai ga Fernand a bencin 'yan kallo, hula a kan gwiwa, karyayyar ƙafar kujera a hannu. Da aka ba jama'a dama ya miƙe.

“Itacenmu ake kwashewa a kai wa wasu, mu kuma a sayo mana dusa a kwali. Kafintoci uku ne a kwarin nan. Wa aka tambaya a cikinmu?”

Magajin gari na lokacin ya ce an ji, za a duba. Ba a duba ba. Wata ya zagayo, Fernand ya dawo. Ya dawo a wata na uku da na huɗu. Maganar ta wuce kujeru. Ya gano madarar da yara ke sha a makaranta daga wata ƙasa ake kawo ta, alhali shanu na kiwo a bayan katangar makarantar. Burodin ma a daskare yake zuwa, ga gidan burodi a tsallaken titi. Kansiloli goma sha biyar ne a majalisar, saboda haka mutanen gari suka raɗa masa Kansila na Sha Shida, daga baya aka gajarta zuwa Kansila kawai. Shekara shida yana wannan zirga-zirga, ko ana dusar ƙanƙara ba ya fashi. Ranar Alhamis kuma ya kafa ɗan teburi a kasuwa yana tara sa hannun jama'a.

Gaston bai taɓa taka ƙafa zauren majalisa ba. Sau ɗaya ya tsaya a teburin kasuwar, da ledar albasa a hannu.

“Kansila! Yau kuma wa za mu tsige?”

“Ka san abin da ke cikin takardar. Ka sa hannu, ko ka ba mutane wuri.”

“Kawo in sa, tsoho. Amma kada ka sa rai da ni a taro. Ni da na ji an ce ‘batu na gaba’ sai barci ya kwashe ni.”

Ya karɓi biro ya zana sunansa, ƙato, har ya cinye layi biyu. Fernand ya daɗe yana kallon sa hannun nan bayan mai shi ya wuce.

Sai aka yi zaɓe, Colette Monnier ta zama magajiyar gari. Tsohuwar shugabar makarantar ce, ta san kujerun nan ciki da bai. Ta kira taron masu sana'a na gari. Mai gidan burodi ta zo, makiyaya biyu suka zo, Fernand ya riga kowa. Gaston ya aiko a ce yana da aiki.

Madam Colette ta ce, “Baba Fernand, bari in faɗa maka gaskiya. Doka ba ta yarda in rubuta cewa sai ɗan Valcombe za a ba kwangila ba. In na rubuta haka, gobe ina gaban alƙali. Dole a yi talla, kowa ya nema, har kamfanonin waje. Amma doka ba ta hana ni faɗin irin kujerar da nake so ba. To, ku da kuka san aiki, wace iri nake so?”

Fernand ya gyara zama. Ranar ya yi maganar da bai taɓa yin irinta ba. Ya ce a rubuta katakon gaske, wanda ba a yi doguwar tafiya da shi ba, wanda malamin daji zai iya nuna kututturen da aka saro shi. A rubuta cewa in kujera ta lalace, wanda ya yi ta ya zo ya gyara cikin kwana biyu. Sannan ya ɗaga yatsa ya ƙara da wanda ya fi alfahari da shi: kowane mai nema ya kawo samfurin kujera ɗaya, ba suna a jikinta, a ajiye a makaranta mako biyu, malamai da masu shara su yi amfani da su, su zaɓa.

“Don kada a ce an yi son kai,” in ji shi. “Aiki ya yi magana da kansa.”

Aka rubuta duka. Aka yi wa burodi da madara irin wannan tsarin.

Mako biyar Fernand ya yi a kan kujerarsa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Ya zaɓi katako mai kauri, ya lanƙwasa majinginar da tururi, ya shafe ta da mai har tana ɗaukar ido. Ya ce wa Odile jikokin yaran nan ma za su zauna a kanta. Samfuri uku aka kai makaranta: nasa, da na Gaston, da na kamfanin da ya kawo na kwalin nan.

Ranar da aka manna sakamako a ƙofar majalisa, Fernand ya sa wankakkiyar riga ya gangara. Ya karanta sau ɗaya, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Kujera ɗari da ashirin, an ba Gaston Prost. Masu zaɓe bakwai ne, malamai biyar da masu shara biyu, kuma duka bakwai ɗin kujera ɗaya suka zaɓa.

Ya hauro gida a ƙafa, bai amsa gaisuwar kowa ba. Odile ta zuba masa miya ta zauna. Ya ɗauki cokali ya ajiye.

“An ce bakwai cikin bakwai.”

“Haka aka ce.”

“Ke ma kina cikin bakwai ɗin.”

“Ina ciki.”

“Ba ki gane tawa ba ne?”

Odile ta gutsuri burodi. “Haba Fernand. Shekara talatin da biyar ina share garin katakonka daga wuyan rigarka, a ce ban gane kujerarka ba? Tun daga bakin ƙofa na gane ta.”

“Kika zaɓi tasa.”

“Na zaɓi wadda zan iya ɗagawa. Kullum da yamma sai an kifa kujerun nan a kan tebur kafin a yi shara. Taka na ɗaga sau ɗaya, bayana ya amsa. Yarinya 'yar shekara shida ta ja ta, ta faɗo mata a ƙafa. Kujerarka ta fi kyau, kowa ya faɗa. Amma ta coci ka yi, ba ta makaranta ba. Ka taɓa tambayata yadda ake shara a ajin?”

Bai taɓa ba. Ya tashi ya bar miyar, ya shige shago ya turo ƙofa. Washegari da rana wata mata ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar shagon tana kiran sunansa, ya ɗaga murya daga ciki ya ce ba ya nan.

Ranar Asabar jaridar yankin ta fito da hoton Gaston a shafin farko, yana zaune a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, baki har kunne, magajiya na tsaye a gefensa. An rubuta a sama: mutumin da ya dawo wa Valcombe da aikinta. Fernand ya karanta labarin daga farko har ƙarshe yana bi da yatsa. Babu sunansa. Shekara shida na ranakun Litinin, da sanyin kasuwa, da dariyar da aka yi masa, duk an naɗe an miƙa wa mutumin da barci ke kwashewa a taro.

Daga ranar ya daina zuwa shagon kofi, don can Gaston ke zama da safe ana taya shi murna. In zai je gidan waya sai ya zaga ta bayan maƙabarta don kada ya bi ta ƙofar shagonsa. Amma daga tagar rumfarsa ana hango harabar Gaston, kuma Fernand ya koma aiki a jikin tagar nan. Ya san ranar da aka kawo katako, ya san ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci, ya san ranar da Gaston ya sake fentin allon shagonsa. In Odile ta dawo aiki ta ce, “Yau burodin makaranta da ɗuminsa ya zo, yara har ƙari suke nema,” sai ya ce, “Uhm.” Abin da ya yi shekaru yana nema ya samu, amma ya kasa jin daɗinsa ko na minti ɗaya.

Wata rana ta ce masa, “Ni fa na rasa gane maka. Da can cewa kake kishin gari ne. To ga gari ya samu. Wannan kuma kishin wa ke nan?”

“Ki bar ni, Odile.”

“Na bar ka. Amma ka rame.”

Da aka kai kujeru sittin na farko makaranta, sai ya tsiro da kai wa Odile lema, ko da kuwa sama tas take. Tana sharar wani ajin, shi yana cikin wani yana kifa kujeru. Ya girgiza ƙafafu, ba su motsa ba. Ya hau kan ɗaya da dukan nauyinsa, ko ƙara ba ta yi ba. Marar nauyi ce, an rage kauri a inda ya kamata, an bar shi a inda ya kamata. Wannan ya fi komai ƙona masa rai, don ya so ya tarar da aikin banza.

A zuwa na uku ya lura da launin katakon. Ya yi fari da yawa, layukansa sun matsu da juna, ba kamar wanda aka saba sarowa a gindin dutse ba. Murna ta kama shi. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankari ƙasan mazaunin, ya kai hanci. Hancinsa ya gaya masa ƙamshin dajinsu ne, irin na bishiyoyin da ke can bayan dutse inda rana ba ta cika kaiwa ba. Ya sani sarai. Amma ya ce wa kansa ai hanci yana tsufa, kuma ina Gaston zai samu busasshen katako mai yawa haka cikin wata uku?

Ya rubuta wasiƙa zuwa ga majalisa. Ya ce shi, mai shekara arba'in da bakwai a sana'ar, yana da tabbacin katakon kujerun nan daga waje aka shigo da shi, an yaudari gari. Ya sa hannu da cikakken sunansa, don shi ba ya jifa ya ɓoye hannu. Bai nuna wa Odile ba. Da ya jefa wasiƙar a akwati ya ji wani sanyi a ransa, har ya ci abincin rana da ƙari.

Abin da bai yi tunani ba shi ne duk wasiƙar da ta shiga majalisa kowa na iya neman ganinta. Kamfanin da ya rasa kwangilar yana da lauya, kuma lauyan ido ya zuba yana jiran irin wannan. Cikin mako biyu ya shigar da ƙorafi cewa dukan tsarin Valcombe rufa-rufa ne don a ba 'yan gida, ga ma shaida daga bakin ɗan garin. Hukumar yanki ta ce a dakatar da komai sai an bincika. Aka tsayar da sauran kujeru sittin. Aka tsayar da burodi da madara, tunda takarda iri ɗaya aka yi musu. Manyan azuzuwa suka ci gaba da zama a kan karyayyun kujeru da aka ɗaure da waya. Gaston ya ce wa biyu daga cikin ma'aikatansa su zauna a gida. Mai gidan burodi ta daina amsa gaisuwar Odile, tana miƙa mata burodi tana kallon bango.

Odile ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai daina ba shi labarin makaranta, suka koma cin abinci ba mai cewa uffan. Wata uku aka yi haka.

Ranar binciken, da hantsi, malamin daji Clovis ya ja su zuwa bayan dutse. Magajiya na nan, da jami'in hukumar yanki, da lauyan kamfanin cikin takalmin ofis yana zamewa a laka, da Gaston, da Fernand a can baya. Sun yi kusan awa ɗaya suna hawa. Clovis ya tsaya a wani fili da aka sare shekara uku da suka wuce, ya nuna kututture bayan kututture, kowanne da lambarsa da jan fenti. Ya buɗe takardunsa ya nuna cewa Gaston ne ya sayi itacen tun a lokacin, ya jibge shi a bayan shago yana bushewa, ba don ya san za a yi kwangila ba, don dai ba wanda ke son wahalar sauko da shi.

Lauyan ya ce lamba a takarda kowa na iya rubutawa. Ya juya ya nemi Fernand da ido.

“Yallaɓai, kai ne masani a nan. Ka rubuta cewa kana da tabbaci. Ga kujerar, ga kututturen. Ka maimaita mana a gaban jami'i: katakon nan na wannan daji ne?”

Fernand ya san in ya ce yana shakka, za a kwashi katako a kai gwaji birni, a ƙara wata shida, wataƙila ma shagon Gaston ba zai kai ba. Ya dubi Gaston. Mutumin yana tsaye hannu a aljihu, ya faɗa, rigarsa ta yi masa yawa, kuma babu dariya a fuskarsa. Tun suna yara Fernand yake fatan ganin ranar da bakin nan zai rufe. Yau ya gani, sai ya ji kamar ya haɗiyi toka.

Ya durƙusa ya kankari kututturen, ya shinshina, duk da ba ya buƙata.

“Na nan ne.”

“Amma wasiƙarka ta ce...”

“Na san abin da ta ce, ni na rubuta ta. Na nan ne. Tun ranar da na rubuta na san na nan ne.”

Jami'in ya rubuta a littafinsa. Lauyan ya dubi takalminsa, ya juya ya fara gangarawa. Madam Colette ta dubi Fernand irin kallon da take yi wa ɗalibai a da, ta bi bayansu. Aka bar su biyu a filin.

Gaston ne ya fara magana. “Shekara arba'in da bakwai, Fernand. Me na tsare maka?”

Fernand ya yi niyyar yin shiru, amma bakinsa ya ƙi. “Shagon tsoho, kai aka ba. In na yi aiki, kai ake yaba wa. Shekara shida ina tsaye a majalisa ana mini dariya, kana gida kana barci, da abin ya nuna kai ka tsinka. Matata ma kujerarka ta zaɓa. Jarida ta ce kai ka dawo da aiki garin nan. Kai! Ko sunana ba ka iya faɗa musu ba.”

“Sunanka? Sau uku na faɗa wa 'yar jaridar nan. Na ce mata ni kujera kawai na yi, ta je ta ga Kansila. Ta hau har shagonka da ƙafarta, ka ce mata ta bayan ƙofa ba ka nan. Ta dawo tana tambayata ko kana da taɓin hankali.”

Sai a lokacin Fernand ya tuna matar da ta yi ta ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Gaston ya ce, “Ni ka bar batuna, na saba da hararka, da ita na girma. Amma mutum biyu na zaune a gida wata uku saboda kai, ɗaya matarsa ta kusa haihuwa. Su za ka je ka yi wa bayanin jarida.” Ya juya ya gangara, bai jira shi ba.

Fernand ya je wurinsu. Ma'aikaci na farko ya saurare shi a tsaye a bakin ƙofa, ya ce ya ji. Na biyun ya rufe ƙofa tun bai gama gaisuwa ba. Ya je gidan burodi ya yi magana a gaban masu layi, mai gidan ta ce, “To, Baba Fernand, ka gama? Akwai mutane a bayanka.” Ranar Litinin ta farkon wata ya miƙe a majalisa, zauren cike kamar ana biki, ya ce ƙarya ya rubuta, kuma hassada ce ta sa shi. Da wannan kalmar ya faɗa, bai sassauta ba. Ya ce a hukunta shi in za a hukunta, amma kada a taɓa tsarin, don tsarin ba shi da laifi. Da ya dawo gida Odile ta zuba masa miya, ta ce, “Ci tun da zafi,” sannan ta ba shi labarin wata malama da ta zame a kan sabulu.

Aka kori ƙorafin kamfanin. Sauran kujerun suka iso kafin hutun ƙarshen shekara, burodi da madara suka dawo. Ba a hukunta Fernand ba, sai dai an yi kusan shekara wasu ba sa kawo masa aiki. Shi da Gaston suka yi wata takwas ba sa ga-maciji, sannan suka fara gaisawa da haɓa, daga baya da baki.

Yanzu shekararsa sittin da takwas. Yana nan a rumfarsa, hannunsa bai fara rawa ba tukuna. Garuruwan maƙwabta sun ji labarin Valcombe, sukan aiko a zo a yi musu bayanin yadda aka tsara takardun, kuma Madam Colette takan tura su biyun, don Fernand ne ya san sharuɗɗan da ka, Gaston kuma shi ke da mota mai lafiya. Suna tafe suna musu a kan gam da ƙusa har su isa. Makarantu uku na kwarin sun ba Gaston aikin kujeru. Fernand ya nemi ɗaya daga ciki da sabon samfuri, marar nauyi a wannan karon, wanda sai da Odile ta ɗaga da hannu ɗaya kafin ya fitar da shi daga gida. Ya zo na biyu.

A watan jiya suka je wani gari a ƙetaren kogi. Fernand ya yi bayani na minti arba'in, bai tsallake komai ba. Gaston ya miƙe ya ba da labarin yadda ya taɓa zama a kan kujerar yara ya kasa tashi, ya zauna. Da Fernand ya dawo gida da la'asar, Odile ta tambaye shi yadda aka yi.

“Lafiya lau. Za su bi tsarin.”

“To madalla. Me ya sa kake cin magani?”

Ya rataye hula, ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

“An tafa mini, an tafa masa. Nasa ya fi daɗewa.”

“Kai Fernand! Aunawa ka yi?”

“Agogo na bangon zauren, a gabana yake,” in ji shi. “Ina zan kai idona?”